Ƙashin ƙeya da tsakuwoyin Vértesszőlős: me László Vértes ya tono?

Aminu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana biyu kun ji ni shiru, jarrabawa ce ta sha min kai a nan Hangari. Da muka gama sai na hau jirgin ƙasa daga Budapest zuwa wani ƙauye mai suna Vértesszőlős, tsakanin garin Tata da Tatabánya. A gefen tudun ƙauyen akwai tsohon wurin fasa dutse, a nan ne wani masanin tonon kayan tarihi kuma mai shiga kogo, László Vértes, ya yi tono daga 1963 har ya rasu a 1968. Ran 21 ga Agusta 1965 ma'aikatansa suka tsaga wani ƙaton dutse suka tarar da ƙashin ƙeyar mutum manne a ciki, mai shekara dubu ɗari uku da wani abu. Duk yaron makaranta a ƙasar nan ya san wannan ƙashi, suna ce masa Samu.

Na je ne don ƙashin, ko da yake wanda ke can kwafi ne, na asalin yana Budapest. Amma abin da ya tsaya min a rai na dawo da shi daban ne. Tsakuwoyi ne ƙanana, wasu ba su kai kan babban yatsana ba, an ɗan fasa gefensu. Wallahi da a bakin rafi na gan su da na take su na wuce. Mutumin nan ya dube su ya ce hannun mutum ne ya fasa su, ya tara dubbai, ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Ni a ganina nan aikinsa yake, ƙashin kuwa rabo ne. Me kuka gani?

Malam Garba: Wa alaikumus salam Aminu, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Kafin mu shiga magana, sunan nan Samu ya ba ni sha'awa. Abin da aka nema aka samu, an ce masa Samu. Hausa suke ji a can?

Aminu: Amin Baba Malam. Dacewa ce kawai. Su "Shamu" suke faɗa, domin harafin s a wurinsu sha ne, shi ma Vértes ɗin Bertesh za ka ji suna cewa. A kalandarsu kowace rana tana da sunan mutum, to 21 ga Agusta ranar masu suna Sámuel ce, sai aka gajarta.

Malam Garba: Ashe sunan rana ne irin namu. Na lissafa, ranar ta faɗo Asabar, da a wurinmu ne Ɗan'asabe ke nan. To garin fa, sunan mutumin aka sa masa?

Aminu: A'a Baba, ita ma dacewa ce. Akwai duwatsu a yankin da ake kira Vértes tun da daɗewa, ɗaya ɓangaren sunan kuma na nufin gonakin inabi. Shi haifaffen Budapest ne, 1914.

Sagir: Aminu ni fa ban yarda da kai ba. Da ba a samu ƙashin ba wa zai san shi? Kai kanka ƙashin ne ya sa ka sayi tikiti. Sannan na taɓa karanta cewa da farko sun ce wurin ya kai shekara rabin miliyan, yanzu kuma kana cewa dubu ɗari uku da wani abu. Wanda ya yi kuskuren shekara dubu ɗari da hamsin, ta yaya zan yarda da shi a kan tsakuwa? Kuma ba ma shi ya gano wurin ba.

Hadiza: Sagir, gaskiyarka a abu na ƙarshe. Masanin labarin ƙasa Márton Pécsi ne ya fara cin karo da kayan a 1962 lokacin da ya kai ɗalibai wurin fasa dutsen, shi ya sanar da Vértes. Amma maganar shekaru bari in yi bayani, domin fannina ne, ilimin duwatsu na karanta.

Kun san farin ɓawon nan da ke kama cikin butar shayi idan an daɗe ana tafasa ruwan rijiya? To dutsen wurin haka ya samu, sai dai a babban mataki. Maɓuɓɓugan ruwan ɗumi ne ke fitowa a wurin, ruwan ɗauke da farar ƙasa narkakkiya, tana kwantawa tana daskarewa har ta gina wasu kwaruruka masu bango kamar manyan kwatanniya, faɗin mita da yawa. Idan ruwa ya janye daga ɗaya, sai mutane su shiga ciki su zauna, bango ya tare musu iska. Bayan sun tashi ruwa ya dawo ya rufe abin da suka bari, ya mayar da shi cikin dutse. Shi ya sa aka samu zama hawa-hawa, wani kan wani.

A zamanin Vértes babu na'urar da za ta ba da shekarun irin wannan wuri kai tsaye yadda za a sakankance. Hanyar kabon, wadda ake auna shekarun gawayi da ƙashi da ita, ba ta wuce shekara dubu hamsin. Sai suka dogara da ƙasusuwan dabbobi, musamman haƙoran ƙananan ɓeraye, domin siffarsu na canjawa daga zamani zuwa zamani. Miklós Kretzoi da Dénes Jánossy ne masanan wannan. Haƙoran sun nuna wane zamani ne a jerin zamunnan ƙanƙara, kuma lambar da ake ba wannan zamanin a lokacin ita suka faɗa. Daga baya aka auna yuraniyom da ke cikin dutsen kansa, wani sinadari ne da ke rikiɗa a hankali, da shi ake gane shekarun dutse. A shekarun 1980 wani awon ya ba da kusan dubu 200, wani ya ba da sama da dubu 350. Yau an fi tsayawa tsakanin dubu 300 da 350. Ka ga ko masu na'urar ba su haɗu a lamba ɗaya ba.

Sagir: To Anti Hadiza ai kin ƙara min ƙarfi. Idan har yau ana jayayya, ina ilimin?

Hadiza: Ilimin yana wurin cewa za a iya komawa a sake awo. Ya rubuta kowane abu daga wane hawa ya fito, ya bar wani ɓangare bai taɓa ba. Da ya kwashe komai ya zuba a buhu, da babu abin da na baya za su gyara.

Ɗanlami: Salamu alaikum. Ni ban yi karatu mai zurfi ba amma shekarata goma sha ɗaya ina fasa dutse, don haka in an zo nan ina da ta cewa. Malam Aminu ka ce ƙashin rabo ne. Rabo ne, amma ba rabon kowa ba. Mu a wurin aiki biyanmu a kan abin da muka tara ne. Ka ɗaga guduma ka sauke, dutse ya tsage, ba ka da lokacin duba cikinsa, ƙura ma ta rufe maka ido. Lebura ya tsaga dutse ya ga wani abu mai ruwan ƙasa ya tsaya, ya ajiye guduma, ya kira mai gida, wannan sai wanda aka koya wa abin da zai nema, kuma ya san in ya tsayar da aiki ba za a yi masa faɗa ba. Shekara biyu suna tare kafin ranar. Ni nan nake ganin hannun mutumin.

Aminu: Yaya Ɗanlami wallahi ban kalle shi ta nan ba. Na janye rabin maganata.

Malam Garba: Ɗanlami ya faɗi gaskiya. Kuma ku lura, shi kansa Vértes ba ta ƙofar jami'a ya shigo fannin ba. Ya yi ƙananan ayyuka iri-iri a ƙuruciya, shiga kogo ne ya ja shi. A wani kogo kusa da Budapest, a Solymár, wanda suke kira Ördöglyuk, wato ramin shaiɗan, ya fara tono tun kafin a gama yaƙin duniya na biyu. Ya koyi aikin da gwiwa a ƙasa da fitila a hannu, digirorin daga baya suka zo. A 1951 ya karɓi kula da kayan zamanin dutse a babban gidan tarihin ƙasar.

Kuma ya gaji wata jayayya da ta girme shi. A 1891 ana tonon harsashin wani gida a Miskolc aka samu wasu duwatsu sassaƙaƙƙu. Ottó Herman ya ce aikin mutanen zamanin ƙanƙara ne, masanin duwatsu Gyula Halaváts ya ce ƙasar da aka same su ba ta kai wannan tsufan ba. Shekara da shekaru ana ja. Herman ya ce to a je kogunan duwatsun Bükk a duba. Ottokár Kadić ya fara tono a 1906, kuma a kogon Szeleta aka samu kawunan mashi na dutse masu siffar ganye a tare da ƙasusuwan beyar na kogo. Magana ta ƙare. Har yau masana na kiran wannan salon sassaƙa da sunan Szeleta. A 1932 kuma János Dancza ya samu ƙasusuwan mace da na ƙaramin yaro irin mutanen Neandertal, wato wani jinsin mutanen da can da ya ƙare, a kogon Subalyuk. To a wannan layin Vértes ya shigo.

Hajiya Rabi: Ina ta karatu ban sa baki ba. Aminu ɗana, hoton nan na uku da ka turo, baƙin abin nan da ke ƙasa kamar an zubar da gawayi, mene ne?

Aminu: Murhu ne Hajiya. An samu da yawa, ƙanana, faɗinsu bai fi faifai ba. Abin mamakin shi ne ƙonannen ƙashi ne a ciki, an farfasa shi ƙanana. Vértes ya ce da ƙashi mai maiƙo suke riƙe wutarsu. A lokacin ana lissafa wurin cikin shaidun amfani da wuta mafi tsufa a Turai.

Hajiya Rabi: Ƙashi? Shekara talatin ina girki da itace ban taɓa ganin an hura wuta da ƙashi ba. In ya faɗa murhu dai ya yi baƙi ya yi ƙauri.

Hadiza: Hajiya, wanda kika sani dafaffe ne, romo ya riga ya tsotse maiƙonsa. Ɗanye mai ɓargo daban ne, musamman kan gaɓa inda yake kamar soso. An gwada, ba ya kamawa shi kaɗai, amma in itace ya fara ci sai kitsen ya riƙe harshen wuta ya daɗe. Sai dai in faɗi gaskiya, akwai masanan da suka yi shakkar murhunan nan, suka ce baƙin zai iya zama rinin ma'adinai ko gobarar daji. Masu goyon bayan Vértes suna kafa hujja da yadda ƙashin ya taru wuri ɗaya a zagaye, a daidai inda kayan aiki suke.

Hajiya Rabi: To zan sa a karɓo min ƙashin ƙafar sa wurin mahauta in gani da idona.

Nura: Ina da tambaya, kuma ba don rigima ba. Wannan Samu ɗin, ɗan Adam ne ko me? Shekara dubu ɗari uku ba wasa ba ne, kuma mu mun san asalinmu.

Malam Garba: Tambaya ce mai kyau Malam Nura, kuma bangaren aƙida na malamai ne, ba zan yi musu shisshigi ba. Abin da ke hannu shi ne: ƙashin ƙeya guda na babba, da gutsattsarin haƙoran yaro da aka samu a shekarar, da kayan aiki, da ƙasusuwan dawakin jeji da barewa da ɓauna da aka farfasa don ɓargo. Masanin ƙasusuwan mutane Andor Thoma ne ya yi nazarin ƙeyar. Ya ga kauri da tudun baya irin na mutanen da can can, amma ya ƙiyasta girman ƙwaƙwalwa sama da santimita kubik 1400, kusan irin tamu. Ya rasa inda zai sa shi, har sunan da ya ba shi ya haɗa biyu, erectus (mutanen da can can) ko sapiens (irinmu). A 1971 wani Ba'amurke, Milford Wolpoff, ya ce ƙiyasin ya yi yawa. Yau da yawa suna sa shi cikin waɗanda suka gabaci Neandertal a Turai. Daga ƙashi ɗaya ake wannan duka.

Aminu: Kun ga dalilina ke nan. Ƙashi ɗaya ne, kowa na ja. Tsakuwoyin kuwa dubbai ne. Bari in faɗa muku yadda suke. Daga tsakuwar rafin Által-ér da ke ƙasan tudun suka ɗebo su, yawanci dutsen ƙanƙara da makamantansa. Akasarinsu ba su kai santimita 3 ba. Ka ɗauki tsakuwa kamar goro, ka buge gefe ɗaya sau biyu ko uku, baki mai kaifi ya fito. Na daɗe a gaban gilashin ina gwada riƙo da yatsuna uku a iska, ina tunanin yadda za a feɗe doki da wannan. A lokacin abin da aka sani na tsohon zamani a Turai shi ne manyan gatura na hannu irin na Faransa da Ingila. Kayan tsakuwa kuwa sai a Olduvai ta Tanzaniya ko Zhoukoudian ta Sin ake jin labarinsu. Sai ga su a tsakiyar Turai.

Ta yaya za ka tabbatar wa mai musu cewa ba rafi ne ya farfasa su ba? Nan ya shigo da lissafi. Ya auna tsawo da faɗi da kusurwar baki, ya yi ƙididdiga, ya nuna cewa girman da salon suna maimaituwa, wato akwai ma'auni a kan mai yin. Yana cikin na farko a ƙasarsa da suka shigo da ƙididdiga cikin wannan fanni, a lokacin da galibi ido da ƙwarewa ake dogara da su.

Sagir: Wannan na karɓa. Amma tun da an yi maganar kogo, sarewar ƙashin nan da Vértes ya tono a wani kogo fa? Na ga ana cewa kura ce ta huda ta.

Aminu: Ta kogon Istállós-kő ke nan, a duwatsun Bükk kusa da Szilvásvárad. Sunan na nufin dutsen barga. Jenő Hillebrand ya fara tona shi a 1912, Vértes ya koma tsakanin 1947 da 1951. Ya samu kawunan masu da kibau na ƙashi masu yawa, wasu an tsaga gindinsu don a soka a sanda, shekarunsu sama da dubu 30. Akwai wani babban murhu da suka yanko shi ɗungurungum da ƙasarsa suka sauko da shi daga kan dutse zuwa gidan tarihi a Budapest. Na hau hanyar kogon nan bara, ba kaya a hannuna amma sai da na huta sau uku, don haka na san abin da suka sha. Sarewar kuma ƙashin cinyar ɗan beyar ne mai huda uku, biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗayan gefen.

Hadiza: Kuma gaskiya ne Sagir, akwai masu cewa haƙorin kura ne, domin ƙashin ɗan beyar yana da taushi, haƙori na huda shi ba tare da ya fashe ba. Irin wannan musun ake yi a kan wadda aka samu a Divje Babe ta Sulobeniya a 1995. Ni kaina na fi karkata ga shakka a nan. Haka sawun ƙafar da aka gani a Vértesszőlős tare da sawun karkanda da ɓauna, an ce na mutum ne, daga baya wasu suka ce na beyar ne. Ga kuma Lovas kusa da tafkin Balaton, inda shi da Gyula Mészáros suka tono ramin haƙar jar ƙasa ta fenti da kayan haƙa na ƙashi da ƙaho. Ya ɗauka ya fi haka tsufa nesa ba kusa ba, awon baya ya nuna wajen shekara dubu 13 zuwa 14. Yana da saurin son abin da ya samu ya zama babba, wannan ba a ɓoye yake ba.

Sagir: Yauwa, abin da nake so a faɗa ke nan. Kada a mayar da shi wanda ba ya kuskure.

Malam Garba: Ba wanda ya ce haka ɗana. Amma ka ƙirga abin da ya tsaya. Ramin jar ƙasar dai rami ne na haƙa, ba a musa ba. Kawunan masun Istállós-kő suna nan ana nazarinsu. A Tata, inda ya yi tono a 1958 da 1959, akwai ɓallin haƙorin giwar zamanin ƙanƙara da aka goge shi sumul aka shafa masa jar ƙasa, wajen shekara dubu ɗari, har yau ana kawo shi idan ana maganar ko Neandertal na yin abin da ba na ci ba. Abin da ke ba ni tausayi shi ne ƙarshensa. An buɗe wurin Vértesszőlős ga masu ziyara a watan Mayu 1968, ya rasu 20 ga Agusta na shekarar yana da 53, saura kwana ɗaya ƙashin ya cika shekara uku da fitowa. Bai ga babban littafin sakamakon tonon ba. Sai 1990 Kretzoi da Viola Dobosi, wadda ta yi aiki tare da shi a wurin, suka fitar.

Ɗanlami: Shekara ashirin da biyu. Ita ma matar ta yi riƙon amana. Malam Aminu in ka koma ka ɗauko mana hoton bangon dutsen kusa-kusa, ina so in ga yadda yake tsagewa, ko mai ramuka ne ko daskararre.

Aminu: Mai ramuka ne Yaya, har da zanen ganye a jikinsa, jijiyoyin ganyen sun fito ɓaro-ɓaro. Zan koma in sha Allah kafin sanyi ya shigo.

Hajiya Rabi: Jama'a na dawo da labari. Jiya an kawo min ƙashin ƙafar sa ɗanye, na sa yaro ya farfasa kawunan da bayan gatari. Na gwada kunna shi shi kaɗai da ashana da ƙirare kaɗan, ya ƙi. Sai na bari itace ya kama sosai na jera gutsattsarin a kai. Da farko ya yi ta tsartsatsi yana ɗigar mai, can sai ya kama, harshen wuta ja mai tsawo, hayaƙi baƙi, ƙauri har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Itacen ya cinye ya bar shi yana ci. Amma Hadiza, ba ya yin garwashi, da man ya ƙare sai ya mutu. Da safe na tona tokar, wasu sun yi baƙi ƙirin, wasu fari fat suna marmashewa a hannu. Aminu duba min hotonka, na can baƙaƙe ne duka ko akwai farare a ciki?